Dawa Ta Ƙare, Ina Makomar Komo? Lacca a kan Waƙoƙin Maharba a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

  

Da wuya a sami matashi ɗan shekara ashirin a Jega ko Aliero ko Maiyama wanda ya taɓa ganin gwanki tsaye a dawa da idonsa. Ɓauna da raƙumin dawa kuwa sai a waya. Inda kakanninmu ke bin sawu yau gonar albasa ce, ko ta shinkafa, ko fegin gini. Saboda haka mutane da yawa, cikinsu har da masu ilimin da ake jin maganarsu, suna ganin waƙar maharba ta gama aikinta, a bar ta ta bi naman da aka yi ta dominsa. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ba begen jiya ne ya hana ni yarda ba. Hujjata ita ce, dawa wuri ne da babu shaida. Mutum ya ɗauki makami ya shiga inda ba mai ganinsa, ya yi abin da ya yi, ya komo. Waƙa da kirari a bainar jama'a su ne hanyar da gari ya ƙirƙiro don ya sa wannan mutumin ya faɗi abin da ya aikata a gaban waɗanda za su iya gaskata shi ko su ƙaryata shi. Naman ya ƙare, amma mai makami da ke shiga daji ba tare da shaida ba bai ƙare ba. Ƙaruwa ma ya yi.

Bari mu fara rarrabe mutanen, don a bakin ɗan birni duk an cuɗe su. Maharbi daban, mai zuwa farauta daban. Maharbi ɗan gado ne, sana'arsa ke nan, yakan tafi shi kaɗai ko da ɗansa, da baka da kwari da kibau masu dafin da aka haɗa da kwankwani, daga baya kuma bindigar toka ta shigo. Shi ne mai ɗaura kan burtu a goshi ya duƙa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci barewa. Shugabansa Sarkin Baka ne. Farauta kuwa ta taro ce, ta rani, bayan an kawar da amfanin gona: a buga ganga, a busa ƙaho, ƙauyuka su haɗu da karnuka da gora da adda da barandami, a kewaye daji. A cikin wannan taron ne 'yan tauri ke baje kolinsu. Kowane rukuni da kiɗansa, kamar yadda kowace sana'ar Bahaushe ke da nata. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, talle na 'yan tauri da 'yan farauta, komo kuwa, wato babbar garaya mai tsirkiya biyu, na maharba ne. David Ames da Anthony King sun tattara wannan rabo na kiɗa da sana'a a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya faɗaɗa shi a rubuce-rubucensa kan makaɗa da mawaƙa. Abin lura a nan shi ne, ba a kaɗa wa mutum kiɗan sana'ar da ba tasa ba. Jin taken kaɗai ya isa ya sanar da gari wane ne zai fito fili, kuma a kan wace magana za a auna shi.

Ku tuna yadda wasan maharba ke gudana, ko a bikin suna, ko a naɗin Sarkin Baka, ko a taron da akan yi idan babban maharbi ya kwanta dama. Makaɗi ya ɗauko taken mutum, ya ambaci ubansa da wanda ya koya masa riƙon baka. Mutumin ya zabura ya shigo fili, a tsayar da kiɗa, ya yi kirari: dabbar da ya kayar, dajin da ya kwana, ranar da abokan tafiya suka watse ya tsaya. Baƙo zai ɗauka fankama ce kawai. Amma a duba su wane ne ke zaune a gefen filin. Akwai wanda suka bi sawun tare, akwai wanda ya taya shi fiɗa, akwai mahaucin da ya sayi cinyar, akwai dukawan da fatar ta je hannunsu, akwai tsohon da ya san cewa wannan fadama ba ta taɓa riƙe ɓauna ba. Wanda ya yi kirarin abin da bai aikata ba, a nan take wani zai tashi ya mayar masa, makaɗi kuma ya sami abin habaici na shekara. Makaɗin maharba ba marubucin yabo ba ne da ake biya ya yi shiru. Shi ne mai riƙe da lissafin wanda ya yi da wanda ya gudu, kuma zambonsa ya fi tara ciwo, don tara akan biya a manta, waƙa kuwa jikoki ma sai sun ji ta. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Namiji ma haka yake, bai cika tsoron abin da ya faru a dawa ba kamar yadda yake tsoron yadda za a rataya labarin a gari.

Cikin abin da ake aunawa har da kiyaye ƙa'ida. Sana'ar tana da lokacin buɗewa da na rufewa. Ba a kewaye daji da damina, lokacin da shuka ke tsaye kuma dabbobi ke da ƙanana. A ƙasashen Katsina da Maraɗi da Arewa akwai bikin buɗin daji, wanda kafin a yi shi ba a fita farautar taro. Akwai dabbobin da maharba suka ɗauka cewa ba kowa ke taɓa su ba sai wanda ya shirya, gwanki na cikinsu. Ko me mutum zai ce game da aƙidar da ke bayan wannan, amfaninta a fili yake: ta rage yawan hannayen da ke kai wa manyan dabbobi. Akwai kuma haƙƙin wanda ya fara jifa, da rabon Sarkin Baka, da abin da ake kai wa mai gari. Waɗannan dokoki ba a taɓa rubuta su a takarda ba. Wurin da ake karanta su ga yara, kuma ake kunyata wanda ya karya su, shi ne bakin komo.

Wannan ba ƙaramin matsayi ba ne a tarihinmu. Littafin Tarihin Kano ya gabatar da Barbushe, ɗan zuriyar Dala, a matsayin gawurtaccen maharbin giwa kafin ya zama komai, kuma garuruwan Hausa da yawa, in aka bi labarin kafuwarsu, za a tarar maharbi ne ya fara kafa bukka a wurin. Jega kanta, wadda Malam Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ya kafa wajajen 1820 a bakin Gulbin Zamfara, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya a ƙarni na 19, mahaɗar fataken da ke bin hanyar Gwanja neman goro. Ayari ba ya ratsa daji sai da wanda ya san mashaya, ya san inda kura ke yawa, ya san ganyen da ake ba wanda maciji ya sara. Makiyayin da zaki ya addabi garkensa ba wurin alƙali yake zuwa ba, wurin Sarkin Baka yake zuwa. Gari na buƙatar wannan mutumin, kuma yana tsoronsa. Mutumin da ake buƙata ake kuma tsoro, dole a nemo masa linzami.

Daga wannan aikin na ba da shaida ne waƙar ta sami amfaninta na biyu, wanda masu ita ba su yi niyya ba. Tun da kirari ba ya karɓuwa sai an faɗi dabba da wuri, sai ya zama kundin abin da ƙasar nan ta taɓa ƙunsa. A 2014 wani bincike da Philipp Henschel ya jagoranta ya kiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a gandun dajin da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, a Najeriya kuwa sai 'yan kaɗan a Kainji da Yankari. Raƙumin dawa irin na yankinmu, wanda a da ya bazu daga Senegal har Tafkin Chadi, ya ragu zuwa 49 a 1996, duk a kewayen Kure ta Jamhuriyar Nijar, kafin kulawa ta mayar da shi ɗaruruwa. Farin shekarun 1970 da na 1980, da yawan jama'a, da sarar itace, da bindiga, su suka yi wannan aiki. To, wa zai gaya wa ɗalibin jami'ar da ke Aliero abin da ke yawo a kwarin gulbin nan shekara ɗari da suka wuce? Turawan mulki abin da ya fi damunsu shi ne ƙidayar masu biyan haraji da shanun jangali. Amma a bakin tsohon makaɗi akwai kanki da mazo da gwambaza da kwanta-rafi da mariri da dabgi da beguwa, kowanne tare da sunan fadama ko dutse ko kurmin da aka same shi, da itacen da aka laɓe a bayansa, marke ne ko ƙirya ko taura. Yaran yau rabin waɗannan sunaye ba su san dabba ce ko tsuntsu ba. Duk mai son maido da daji sai ya san abin da ya ɓata kafin ya san abin da zai nema.

Yanzu ga masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Ta farko daga wajen malamai take. Za su ce waƙar maharba cike take da ambaton iskoki da layu da baduhu da layar zana, da da'awar cewa ƙarfe ba ya cin wane, kuma asalin wasu bukukuwan tsafi ne. Gaskiya ne, kuma ba na neman a yi wa shirka kwaskwarima a kira ta al'ada. Amma mu rarrabe abu uku da ake haɗawa. Farauta kanta halal ce da nassi: aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobi suka kamo, kuma Risalar Ibn Abi Zaid da kowane ɗalibin zaure ya karanta tana da babin da ya ƙunshi hukuncinta, inda aka karhanta yin ta don wasa aka halatta ta don buƙata. Ku lura, wannan rabewar ita ce dai wadda tsofaffin maharba ke yi tsakanin mai neman abinci da mai ɓarna. Kiɗa kuma magana ce da magabatanmu na wannan ƙasa suka yi saɓani a kanta. Malam Abdullahi na Gwandu ya fi tsanantawa, Shehu Usmanu kuwa a Najmul Ikhwan ya nuna cewa akwai saɓanin malamai, ya ja kunne kada a gaggauta hukunta jama'a a kan abin da ba a haɗu a kansa ba. Saura abu na uku, wato kalmomin da suka saɓa wa tauhidi. A nan ina roƙon malamai, Allah ya gafarta muku, su tuna abin da ke cikin gafakarsu. Waƙar Imru'ul Ƙaisi da ake karantawa a zaurukanmu ta Jahiliyya ce, a cikinta akwai dogon bayanin doki da farautar shanun daji, akwai kuma abin da ba a so yaro ya kwaikwaya. Malaman Musulunci ba su ƙone ta ba, sun adana ta don harshen da ke cikinta, suka koyar da ita da sharhi. Abu Nuwas ya yi waƙoƙi sukutum a kan karnukan farauta da shahuna, ana nazarinsu har yau. In Larabci ya cancanci wannan haƙuri, ban ga dalilin hana wa Hausa shi ba. Kuma maharban yau Musulmi ne masu salla, da yawansu sun riga sun sauya mabuɗin waƙarsu da ambaton Allah da salati. Gyara na yiwuwa ga abin da ake yi a fili. Abin da aka kora ya koma ɓoye, shi ne ba mai iya gyarawa.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma mu mutanen wannan yanki ba mu da damar kauce mata, don shaidarta ɗan gida ne. Marigayi Alhaji Muhammadu Gambo, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi, mutumin Fagada ne ta ƙasar Maiyama. Da kalangunsa ya wasa ɓarayi da irin zugar da ake yi wa maza, har sunansa ya kai duk inda ake jin Hausa, masana irin su Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza suka yi nazarinsa, shi kuma daga baya ya bayyana cewa ya bar wannan layi. Kassu Zurmi a Zamfara ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, kuma ba duka waɗanda ya wasa ne za ka so su kwana a gidanka ba. Mai suka zai ce: ga shi nan, kiɗan maza zuga ce, zuga kuma ba ta san halal da haram ba. Zai ƙara da cewa a filin farauta kanta akwai ƙwace, inda mai ƙarfi ke amshe zomon da wani ya kashe, a zare wuƙaƙe, a koma gida da gawa. Zai kuma tuna mana cewa dabar da ta addabi Kano tana da jijiya a ƙungiyoyin farauta da tauri, tun lokacin da 'yan siyasar shekarun 1950 suka fara jan su a jiki.

Duk na karɓa. Sai dai abin da wannan ke tabbatarwa shi ne kiɗan yana da ƙarfin motsa namiji ya yi abin da ba zai yi ba in shi kaɗai ne. Wanda ya yarda kalangun Gambu na iya tura mutum ya haura katanga, ba shi da hujjar musun cewa komo na iya hana mutum gudu ya bar abokinsa, ko ya hana shi harbin dabba mai ciki. Ƙarfin ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne wa ke zaune a gefen fili, kuma me suke tafa wa. Ɓarawon da aka wasa ba zai iya tsayawa gaban mai kayan ya maimaita kirarinsa ba. Maharbi kuwa a gaban waɗanda suka ci naman, da mai gonar da gadu ya daina tona masa rogo, yake yin nasa. Daba ita ce abin da ke faruwa idan aka ɗebo tauri da kirari aka kai su lungun birni, aka raba su da Sarkin Dawa da dattawa da iyaye mata, sai ya zama masu sauraro duk tsara ne, mai biyan makaɗi kuma ɗan takara. Ba yawan taro ne ya haifi daba ba, taron ne ya tsuke har ya rage babu mai cewa a'a. Saboda haka idan hukuma ta hana wasa a dandali don gudun rigima, ba ta kashe kiɗan ba. Ta dai kori dattawa daga wurin, ta bar wa yara shi a waya.

Masu kare namun daji kuma za su ce raya waƙar raya kisa ne. Amsarsu gajera ce. Dokar kare namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 suna nan a rubuce, ba su hana dajin ƙarewa ba, domin babu ma'aikacin gandun daji da zai iya tsare kowane kurmi. Abin da ya yi aiki a kusa da mu shi ne na Argungu: gulbin Matan Fada a rufe yake duk shekara ƙarƙashin Sarkin Ruwa, sai ranar bikin kamun kifi, kuma bikin da aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu shi ne ya ba haramcin daraja a idon masunta. Mutum ya fi kiyaye dokar da ake yabonsa a kanta.

Akwai kuma masu kyakkyawar niyya da ke cewa a aiko ɗalibai da na'ura su naɗi muryoyin tsofaffin, a ajiye a jami'a, shi ke nan. A naɗa, lallai, kuma da gaggawa, don makaɗan komo ba ƙaruwa suke yi ba. Amma in hujjata ta tsaya, faifai rabin abin ne kawai yake kamawa. Yana riƙe da kirarin, ba ya riƙe da tsohon da zai ce ƙarya ne. A nan darasin wasu ƙasashe na da amfani. A tsaunukan Kumbriya da ke arewa maso yammacin Ingila, manoma masu kiwon tumaki sun daɗe suna farautar wata dabba dangin dila da ke kashe musu 'yan raguna, da ƙafa suke binta da karnuka, ba bisa dawaki irin na masu sarauta ba. Suna da waƙoƙinsu masu ambaton sunan kowane kare da kowane tsauni da gonar wane, mafi shahara ita ce wadda John Woodcock Graves ya yi wa abokinsa John Peel, maharbin da ya rasu a 1854. Majalisar Birtaniya ta zartar da dokar hana farautar da karnuka a 2004, ta fara aiki a Fabrairun 2005. Waƙoƙin ba su mutu tare da ita ba, domin ba a bakin farauta kaɗai suke ba. Ana rera su a liyafar ƙauye da kuma taron shekara-shekara da makiyaya ke yi don mayar wa juna tumakin da suka ɓace. Wurin zaman nasu sau da yawa mashaya ce, wannan kam nasu ne, ba abin koyi ba. Abin ɗauka shi ne taron yana da wani dalili na haɗuwa bayan kisa, shi ya sa waƙar ta sami inda za ta zauna. A Mali kuma, molon maharban Mande ne ya haifi ƙaramin molon samari wanda kiɗan Wasulu ya ginu a kansa, har Oumou Sangaré ta kai shi manyan dandamalin duniya, alhali ƙungiyoyin maharban na nan da makaɗansu. Yarbawa sun shigar da ijala, waƙar maharbansu, cikin karatun jami'a tun bayan littafin Adeboye Babalola na 1966. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003, wadda a ƙarƙashinta aka sa bikin Argungu cikin jerin gadon duniya a 2016, ita ma a kan wannan ta tsaya: abin da ake karewa shi ne ci gaba da yin abu a hannun masu shi. Ba sai mun je nesa ba ma. Ɗorin Aliero bai rayu don an rubuta shi ba, ya rayu ne don har gobe ana kawo masu karaya daga nisan duniya, yaran gidan kuma na tsaye suna kallo.

Abin da ya sa na ce maganar ta wuce ta adabi shi ne inda maharba suka koma. A 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi, maharban Adamawa na cikin waɗanda suka taya sojoji ƙwato garin. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta bi sahu a farkon 2024, kuma cikin waɗanda ake nema a irin wannan aiki akwai masu sanin daji. A jiharmu, harin Mera ta ƙasar Augie a Nuwamban 2024 ya nuna cewa wutar ba ta tsaya a maƙwabta ba. Ga mutumin da muka fara da shi ya dawo: ɗan gari, da makami, a inda babu shaida, sai dai yanzu abin da ke gaban bindigarsa mutum ne. Kowa a nan ya ji abin da aka zargi wasu 'yan sa-kai da shi a Zamfara, na kashe mutum don kamanninsa ko yarensa, da yadda hakan ya ƙara hura rikicin. Waƙa ba za ta maye gurbin kotu ko 'yan sanda ba, kuma duk wanda ya kashe rai ba bisa haƙƙi ba shari'a ce ta dace da shi, ba habaici ba. Amma kafin a kai ga kotu, saurayin da ya rataya bindiga yana da wani ma'auni a ransa na abin da ake kira namiji, kuma wani ne ya sa masa shi. In ba makaɗin garinsu ne ya sa masa ba a gaban ubansa da limaminsu da Ardon rugar da ke maƙwabtaka da su, to bidiyon wani ɗan bindiga mai fankama a TikTok zai sa masa. Kisan da aka yi wa matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo a Maris ɗin 2025, maharba masu komawa gida Kano, ya nuna ɗaya fuskar: inda ba a san mutum ba, ba a san shugabansa ba, kayan sana'arsa kaɗai sun isa su zama hujjar halaka shi. Sana'ar da ke riƙe da makami tana buƙatar a san ta a fili, don kare jama'a daga gare ta, da kuma kare ta daga jama'a.

Abin da nake roƙo bai kai girman bikin Argungu ba, kuma gara kada ya kai, don abin da gwamnati ta ɗauka da kuɗinta yakan tsaya ranar da kuɗin suka tsaya, kamar yadda shi kansa na Argungu ya yi kusan shekara goma a rufe kafin a dawo da shi a 2020. Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku, ikon ba da fili a hannunku yake. Rana ɗaya bayan kaka, da hantsi ba da dare ba, a ƙofar fada, Sarkin Baka ya jagoranta, a ajiye makamai a hannun dogarai, malamai su zauna, a gayyaci makiyaya su ma su zauna. A bar tsofaffi su yi kirarin gwankin da suka kayar, don shi ne tarihin. Amma makaɗa su sani cewa akwai sababbin abubuwan wasawa: wanda ya bi sawun shanun sata ya maido su ga mai su, wanda ya kama wanda ake zargi ya miƙa shi ga hukuma da ransa, wanda ya hana a cinna wa kurmi wuta saboda gafiya. Kyautar da masu hali za su yi ta fi yawa a kan waɗannan, don makaɗi inda ake kari nan bakinsa ke karkata. Ɗaliban Sashen Harsunan Najeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na kwalejin Argungu su zo da na'urarsu, su rubuta kowane sunan dabba da na wuri, su tambayi mai waƙar ma'anarsa tun yana da rai, kuma kafin su kai kwafi ɗakin karatu su bar ɗaya a hannun Sarkin Baka na garin da aka naɗa.